Man Gyaɗan Malam Mika'ilu

Ina cikin tsame ƙosai daga kasko wata Keke Napep ta tsaya a ƙofar gidan da ke jikin namu, direban ya leƙo yana neman mai kama masa. Da farko ban gane mutumin da ke kishingiɗe a baya ba, sai da na ga hular. Malam Mika'ilu ne, maƙwabcina na shekara goma sha ɗaya a Gwallaga, wanda ya bar gida sati uku da suka wuce yana yi mana barkwanci. Ƙafarsa ta dama a naɗe take da tsumma, ta kumbura har gwiwa, tana wari.

"Maman Toma," ya ce da ni, "kira min A'i. Kar ki tsorata ta, kira ta kawai."

Matarsa ta fito da ƙullu a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannun a zaninta ta tallafi kafaɗunsa, ni da direban muka kama ƙafafu.

Malam yana da injin matse gyaɗa a wani shago bayan masallacin layinmu. Manoman Inkil ne ke kawo masa gyaɗa, mata shida suna tsincewa suna soyawa, tunkuzar kuma masu ƙuliƙuli su kwashe. Ni ma da mansa nake suya tun ranar da na kafa murhuna.

Sai aka fara cika mana kunne a rediyo: ƙasashe maƙwabta sun sa hannu, kayan da aka yi a ɗaya za su shiga ɗaya ba haraji, kowa zai ji daɗi. Ba a daɗe ba jarkokin mai masu ruwan ɗorawa suka cika kasuwar Wunti, arha kamar ruwa, an rubuta a jikinsu wai a ƙasar maƙwabta aka yi.

"A can aka ɗura shi dai," in ji Malam. "Daga ƙetaren teku yake zuwa a jirgin ruwa, su sauya masa riga, ya shigo mana da sunan ɗan'uwa. Ni da gyaɗar Inkil, da wa zan yi kokawa?"

Ni ma na saya. Ba zan ɓoye ba. Na sa jarkar a bayan ƙofa don kar ya gani, amma mutumin da ya shekara talatin yana shaƙar mai ba ya buƙatar gani. Ya tsaya a gaban kaskona da safe, ya shaƙi hayaƙin suyar.

"Wannan ba nawa ba ne, Maman Toma."

"Malam, ka san yadda abubuwa suke."

"Ban ce kin yi laifi ba. Zuba min kamar kullum."

Ya cinye a tsaye, ya yi godiya. Da ma zagina ya yi.

Cikin shekara guda mata huɗu suka koma gida. Injin da ke hana mu barcin rana ya koma aiki sau biyu a sati. A lokacin ne aka tara masu ƙananan masana'antu a wani otal, wani mai kwat ya ce musu ƙofar da aka buɗe ta shiga da fita ce, su ma su kai nasu can. Malam ya ɗauki maganar da gaske. Wata biyar yana bin takardar da za ta shaida a nan aka yi mansa, har Abuja sau biyu. Ranar da ya same ta ya sa ta a leda, ya nuna wa duk wanda ya wuce. Ya matse duk gyaɗar da ta rage masa, ya loda wa motar wani direba mai suna Ya'u, suka nufi kan iyaka ta arewa.

Abin da ya faru a can, a gadon asibiti ya ba mu labarinsa, a gutsure, ni da A'i muna yi masa fifita.

"Jami'in kan iyaka na farko ya duba takardar, ya ce hatimin tsoho ne. Na biyu ya ce hatimin daidai ne, amma sai an gwada man. Mai gwadawa ya yi tafiya. Da ya dawo, mai sa hannu ya tafi biki. Kowanne kuma sai ya ce, Alhaji, ba na goro?"

"Ai da ka ba su ka huta," in ji A'i.

"Na ba na farko, na ba na biyu. Na uku na ce takardar nan fa an ce ta isa. Ya yi dariya, ya sa ta a aljihun tebur."

Kwana goma sha tara suna kwana ƙarƙashin mota. Yana zaune yana kallon manyan motocin jarkoki masu ruwan ɗorawa suna shigowa ta ɗaya hannun, ana ɗaga musu sanda ko tsayawa ba sa yi. Maganinsa na ciwon suga ya ƙare a kwana na goma. Ya taka wata tsohuwar waya, ciwon ya ƙi warkewa, shi kuma ya ƙi barin kayansa. Sai da ya fara sambatu Ya'u ya ɗauke shi da ƙarfi ya sa a motar haya.

Likita ya ce a yanke ƙafar, daga baya ya ce ciwon ya riga ya shiga jini. Ranar Alhamis bayan azahar ya nemi ruwa, A'i ta juya ta ɗauko kofi, kafin ta juyo ya tafi.

A zaman makoki wani ɗan'uwansa, ma'aikacin gwamnati, ya leƙo ɓangaren mata yana ba da haƙuri.

"Ƙaddara ce, Yaya A'i. Tsarin nan kuma mai kyau ne, sai a hankali za a ga amfaninsa."

A'i ta ɗago kai. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Na yarda da ƙaddara, Mansir, kar ka koya min. Amma takardar mijina mutum ne ya kulle ta a tebur. Yana da suna, yana da uwa, yau ma ya ci abincin rana. Tashi ka ba ni wuri."

Ya fita yana gyara babbar riga. Ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri. Ni kam da ta ce in bi shi da muciya, da na bi shi, duk da na san nawa hannun ma ba wankakke ba ne.

Ranar sadakar uku da hantsi motar Ya'u ta shigo layin. Man bai taɓa ƙetare iyaka ba. Ba wurin ajiyewa, sai aka jera jarkokin a jikin katanga, daga ƙofar gidan har kusa da masallaci. Masu ta'aziyya sun yi yawa, benci bai isa ba. Wani tsohon manomi da ya tako daga Inkil ya duba bai ga wurin zama ba, sai ya jawo jarka ɗaya ya zauna a kai, ya ajiye sandarsa, ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Man da ke ƙarƙashinsa ya yi ta kai da komo a hankali, sannan ya kwanta.