Ranar da Talle Ya Hau Tudu

Shekarar da Gulbi ya yi fushi ya cinye tsohon garin Maraɗi, Nasara ya ce kowa ya bar kwari ya hau tudu. Aka zo da igiya da turaku aka ja tituna miƙaƙƙu, aka yanka wa kowa fili. Kafin a gama sussukar gero gari ya tashi kaf, in ban da tsoho guda, Talle, wanda ya gyara bukkarsa a kan kufai ya zauna abinsa kamar ba da shi ake ba.

Talle ba ya salla. Cikin Anna yake, masu riƙe da abin da kakanni suka bari. A ƙofar bukkarsa akwai jigo, wato itace mai reshe uku da ake kafawa a riƙa zuba wa iskokin gida gumba a gindinsa. Ruwa ya tafi da rumbunansa biyu da awakinsa, amma jigon na nan tsaye.

Wanda abin ya fi tsaya wa a rai shi ne Idirisa, tafintan kumandan, wato Nasaran da ke mulkin ƙasar. Talle kawunsa ne, wan uwarsa, shi ya riƙe shi tun yana rarrafe har ranar da aka ɗauke shi zuwa lakwal, makarantar Nasara. Ran Litinin kumandan ya buga tebur ya ce ya ba tsohon nan zuwa Juma'a. In ya wuce haka, gardi, wato dogaran Nasara, su rushe bukkar su ɗauro shi da igiya. To wa zai tsaya gaban jama'a ya faɗi wannan umarni da Hausa? Idirisa mana.

Shi kuwa Idirisa mutum ne mai ji da bakinsa, kuma gaskiya bakin nasa na ci. Yana da wani ɗan kaye, wato ƙaramin littafi, da yake rubuta kalmomin Faransanci na shawo kan mutum, kowace ya jera mata na Hausa a gefe: lallashi, ban baki, magiya, kwaɗaitarwa, jan hankali. Yakan yi alfahari cewa in Nasara ya kawo ɗaya, shi zai kawo uku. Da wannan baki ya sa manoman Tsibiri da dama suka shiga noman gyaɗa, don haka bai zaci tsoho guda zai gagare shi ba.

Ran Litinin ɗin da la'asar ya gangara kwari da takalminsa da kayensa a aljihu. Ya fara da kwaɗaitarwa: ga ɗaki ya gina masa a sabon gidansa, ga fura safe da yamma, ba noma ba wahala, sai hutu. Talle na tufkar igiya, ya ce, "To." Ran Talata ya dawo da ban tsoro, ya ce Gulbi zai komo baɗi, kuma gardi ba su san furfura ba. Talle ya ce, "Madalla." Sai ya koma magiya, har ya ambaci sunan marigayiya uwarsa. Nan ne tsoho ya ɗaga kai ya dube shi tun daga takalmi har hula.

"Ka gama, Mushe? To ka gaida kumandan."

Wannan "Mushe", kiran da ake yi wa Nasara da ma'aikatansa, ta fi mari zafi. Ran Laraba ko a biro, ofishin kumandan, bai iya zama ba, ya komo gida da hantsi. Ya tarar da Tsahara dillaliya ta baje wa matarsa Zuliha zannuwa a tsakar gida. Tsahara mutuniyar Jiratawa ce, gajera, mai ƙaramar murya, ta shekara talatin tana shiga gidajen Maraɗi da ƙunshi a ka. Ba a taɓa jin ta yabi hajarta ba, amma kuma ba a taɓa ganin ta koma gida da ita ba. Zuliha ta riga ta fesa mata labari, don haka yana shiga Tsahara ta tare shi.

"Tafinta, mi ka ce ma tsohon?"

Ya lissafa mata duka. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Wato ka tahi ka ce mishi ya ƙare, shi zo shi zamna shina cin sadaka hal shi mutu."

"Haba Inna, ni ban ce haka ba!"

"Ba ka ce ba, amma shi ya ji. Gobe da sahe mu tahi tare. Ka bar takalmin ga a gida, ka bar takardar ga, kuma bakinka ma ka bar shi nan wurin Zuliha ta aje maka."

Ran Alhamis suka gangara, tana gaba da ƙwaryar gero a ka, yana biye ƙafa ba takalmi, ƙaya na cin sa. Tun daga nesa ta durƙusa. Ta gaida Talle gaisuwa mai tsawo, ta yi masa jajen rumbu, ta yi masa jajen awaki, har ta tambayi jar akuyar nan mai karyayyen ƙaho. Sannan ta kama masa bakin igiya yana tufka. Rana ta ɗaga, ba ta ko ambaci tudu ba. Idirisa na gefe yana cizon leɓe, yana ganin Juma'a na matsowa.

Can sai ta yi ajiyar zuciya ta tura ƙwaryar gabansa.

"Baba, ni hwa da damuwa na zo. Wata biyu ke nan muna bisa tudun can, ba wanda ya gaida iskoki masu wuri. Igiya aka ja, aka ce mu shiga, muka shiga kamar tumaki. Kajina sun ƙi kwanci, jikata kullum cikin hirgita take. Gida tara na shiga jiya, kowace mace maganarta ke nan. Malamai sun yi addu'a, mun gode musu. Amma abin da kakanni suka saba yi ma sabuwar ƙasa ba a yi shi ba, kuma ba wanda ya rage da ya san shi sai kai."

Idirisa ya saci kallonta, yana cewa a ransa, kai, wannan mata ta iya shiri. Sai ya ga idonta ya kawo ruwa da gaske. Ya kuma tuna Zuliha ta taɓa yi masa irin wannan magana makon da suka tare, ya daka mata tsawa ya ce gidan ma'aikaci ne. Kunya ta lulluɓe shi.

Talle ya ajiye igiya.

"Wane icce kuka iske a wurin?"

"Gawo, Baba, babba."

"Shina nan?"

"An sare shi, don hanya ta miƙe."

"An sare! Ba a ko zuba mishi ruwa ba?" Ya miƙe tsaye, tsohon da kwana uku bai ko gyara zama don Idirisa ba. "Ku mutanen ga, wa ya haihe ku?"

Ya ɗauko hauya ya tona gindin jigo da kansa. Idirisa ya matso zai kama masa, ya ture hannunsa. Ya saɓa itacen a kafaɗa, Tsahara ta ɗauki ƙwaryarta, suka kama hawa. Sau huɗu yana tsayawa yana haki, bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

A ƙofar gidan Tsahara ba mata tara suka tarar ba, sun fi ashirin, kowace da 'yar ƙwaryarta a ƙarƙashin mayafi. Aka daka gumba. Talle ya tsuguna inda kututturen gawo yake, ya zuba, ya yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya bi gida gida. Bayansa ma kamar ya miƙe.

Idirisa ya ja Tsahara gefe. Shi da ya ɗauka ba wanda ya kai shi baki a ƙasar nan, yau ya ga wadda ta fi shi, kuma ya ji daɗin ganin ta har cikin ransa.

"Inna, don Allah wannan da kika yi, mi sunanshi? Ba ni da shi a takardata."

"Dillanci ne, ɗan nan. Ni ban taɓa tura ma mutum abin da ba shi so ba. Mai abu nika nema, in nemo mai bukata, in haɗa su in koma gehe. Kai ka tahi mishi da abin da za ka ba shi. Ba ka tambayi abin da shika da shi ba."

Da la'asar Talle ya gama gida na bakwai, ya zauna a bakin titi, jigo jingine da kafaɗarsa. Ya dubi sauran matan ya ce aikin nan ba na yini guda ba ne, kuma ƙafarsa ba ta hawan tudu kullum. Jigo kuma ba ya kwana a jingine, sai an sama masa wurin tsayawa. Mata suka fara rige-rige, kowace na cewa gidanta. Tsahara kuwa Idirisa kawai ta kalla.

Ya tako a gaban jama'a, da ƙafarsa duk ƙura, ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

"Kawu, gidana ma ba a gaida ƙasarshi ba. In ka yarda, ka zo ka yi muna."

Tsoho ya daɗe yana dubansa.

"Na sani, Idi. Tun ran da ka kahwa turakun gidan ga nika zaune ina jiran ka aiko."

Ya miƙa masa jigon.

"Ɗauka. Kahwaɗata ta gaji."