Man Giyar Motar Yaya

A gidansu Injiniya ake ce masa, don ya taɓa kwance fanka yana yaro. Fankar ba ta ƙara juyawa ba, amma sunan ya zauna daram.

Shi ya zaɓa wa yayarsa ƙaramar jif bayan rasuwar mijinta. Da ita take kwasar yaran unguwa ta kai makaranta ta dawo da su, da haka take riƙe 'ya'yanta. Motar akwai kyau, sai shegiyar shagwaɓa. Yau birki na ƙara, gobe ƙafar gaba na ƙwanƙwasa. Man giyarta ma na musamman ne, ba a kowane shago ake samunsa ba.

Makon jiya Yaya ta ba shi motar ya kai sabis. Ya tarar da layi a gareji, ga rana, ga ƙwallo za a fara. Sai gogan ya juyo gida, ya ɗauko ragowar man giyar tsohuwar motarsa ya ɗura mata, wai ai mai duk mai ne.

Yau da safe jif ta fara fizga a hawan gada, daga nan ta ƙi gaba, ga yara cike a baya. Dama iyayen sun gaji da makara, har sun ce in aka sake, za su nemi wani direban.

Injiniya ya tarar da Yaya a gareji, zaune a kan tsohuwar taya, mayafinta duk baƙin mai. Bakanike ya tsiyayo man a murfin gwangwani, ya sansana, ya yatsine fuska.

"Hajiya, wa ya zuba miki wannan? Ba nata ba ne. Ya cinye giyar, sai an sauke ta gaba ɗaya."

Kunya ta rufe Injiniya.

"Ni ce, malam," in ji Yaya. "Na ga ya yi ƙasa, na ƙara."

Ita da ko murfin injin ba ta iya buɗewa.

Bakanike ya hau ta da faɗa, wai mata da karambani. Ta sunkuyar da kai ta shanye, shi kuwa ƙanin nata yana tsaye ƙiƙam yana murza makullinsa, yana jin haushin kansa.

Wayarta ta yi ƙara. Uwar ɗaya daga cikin yaran ce.

"Eh, na gane," in ji Yaya. "Duk kun samu wani? To, ba komai. A gaishe min da yaran."

Ta kashe, ta daɗe tana kallon wayar.

"Yaya, wallahi ni ne..."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zo ka riƙe min jakar nan, mu tafi."