Baba Sabis da Baƙonsa Mai Shiru

Baba Sabis ya ƙarar da ƙarfinsa yana kai abinci a wani babban otal. Abin alfaharinsa ɗaya ne: baƙo bai taɓa buɗe baki ya roƙe shi komai ba. Ka kalli gishiri, gishiri ya iso. Ka shafa maƙogwaro, ga ruwa. A wurinsa, ma'aikacin da ya bari aka kira shi ya gama zubar da mutuncin sana'a.

Da ya yi ritaya sai ya samu baƙo ɗaya tak, jikansa, wanda gidan ke kira Manaja. Uwar, 'yar Baba ce, takan ajiye shi da safe ta wuce aiki. Manaja ya doshi shekara uku bai ce uffan ba. Me zai ce? Kafin ya gama ɗaga gira, kofi na bakinsa.

Wata yamma uwar ta dawo da shi daga asibiti.

"Baba, likita ta ce kunnensa lafiya, harshensa lafiya. Kai ne ciwon."

"Ni?"

"Kai. Yaro ba ya neman kalma sai ya rasa abu. Kai kuwa ba ka barinsa ya rasa."

"Yaron nan yana tunani. Ina gani a idonsa."

"Kai kaɗai ke karanta idon. Sauran duniya kunne gare su. In bai fara magana ba kafin a koma makaranta, gidan raino zan kai shi."

Gidan raino! Inda mace ɗaya ke fama da yara ɗaki guda, kowa na ihu kafin a kula shi. Shi kuma Baba a bar shi da kujera da bango.

Washegari ya ɓoye kofi a bayansa.

"Ranka ya daɗe, ka ce ruwa."

Manaja ya yi masa kallon baƙon da zai kai ƙara ofis. Baba bai san lokacin da hannunsa ya miƙa ba. Ya gwada zama a kan hannuwan. Suka zame. Hannun da ya tsufa a aiki ba ya jin magana.

Ranar hutu uwar ta zo da mijinta. Surukin ya baje a kujera, ya kafa ido a waya. Mutum ne da ko rufi ya faɗo sai ya gama karanta saƙo. Manaja ya tsaya gabansa ya shafa maƙogwaro. Shiru. Ya nuna firji. Shiru.

Baba ya taho da kofi a kan tire. 'Yarsa ta damƙe masa riga a bakin ƙofa.

"Sake ni, yaron zai bushe!"

"Ya bushe."

Manaja ya ja wandon ubansa. Uban ya ce "uhm" bai ɗago ba. Yaron ya waiga hagu da dama, bai ga ma'aikacinsa ba. Ya kumbura baki.

"Ruwa!"

Baba ya sauke tiren.

"Iye?" in ji uban, idonsa na kan waya.

"Ba ni ruwa!"

Kalma uku, ba gargada. Ashe duk suna ciki a jere, ba a dai taɓa ba shi dalilin fito da su ba.

Uwar ta yi dariya har da hawaye. Surukin ya ɗago, yana tambaya ko wani abu ya faru.

"Zai ci gaba da zama wurinka, Baba," in ji ta. "Amma ka koyi aiki wajen surukinka."

Baba ya dubi mutumin sama da ƙasa. Wai wannan ne malaminsa. Ya haɗiye abin da ya zo masa baki.

"To."

Da safe aka kawo Manaja. Baba ya baje a kujera, ya rufe fuska da jarida, ya riƙe ta gam da hannu biyu. Yaron ya tsaya gabansa. Baba ya ci gaba da kallon layin da ba ya karantawa, gumi na bin wuyansa, yana jira a kira shi.