Shirun Bayan Sallama

Duk wanda ya saurari rediyo a ƙasar Zamfara a waɗancan shekarun ya san Malam Jibo mai karanta sanarwa. Ba don daɗin murya aka san shi ba, don muryarsa kaushi gare ta kamar ta mai tsohuwar mura. Da shiru aka san shi. In ya ce "Assalamu alaikum," sai ya tsaya cak. Ba ya ƙara ko harafi sai ya ƙiyasta mai shayi a tasha ya amsa, tsohuwa a bakin murhu ta amsa, manomin da ya rataye rediyonsa a reshe ya miƙe daga kan fartanya ya amsa. Sannan ya ci gaba: wane ya rasu, wance ta haihu, akuyar wane ta ɓace ranar kasuwar Tsafe.

Mahaifiyarsa, Inna Asabe, ita ta sa masa wannan ɗabi'a. Satin da ya fara aiki ya je gida Kwatarkwashi yana jin kansa, sai ta tare shi tun daga soro.

"Kai ne ka yi mani sallama a rediyo ka wuce ban buɗe baki ba? Haka na koya maka?"

Tun daga ranar yake jira. Shekara goma sha bakwai a Sakkwato yana jira, da aka yi sabuwar jiha ya dawo Gusau ya ci gaba da jira.

A daminar 1998 aka kawo kwamfuta gidan rediyon da yake aiki. Injiniya Lukuman ne ya haɗa ta, wani dogon mutum mai tabarau da ya yi kwas a Kaduna. Aka kwashe kaset-kaset aka zuba a kwali. Yanzu komai da safe ake ɗauka a zuba cikin na'ura, a jera a fuskarta layi-layi: labarai, sanarwa, talla, waƙa. Da ƙarfe goma sha biyu ta buga sai jerin ya kulle kansa, na'ura ta karɓi gidan har ƙarfe huɗu, tana sakin abu bayan abu ba mai taɓa ta. Ɗakin magana kai tsaye kuwa darakta ya sa aka rufe shi a wannan tsakanin, ya jefa mabuɗin a aljihu. Aikin Jibo ya koma karatu da safe, da rana kuma ya zauna yana kallon layi yana cin layi, ko da wuta za ta ɗauke ya kira mai janareta.

Ranar farko Lukuman ya yi masa bayani.

"Malam Jibo, abin nan ba ya son shiru. In ya ji shiru ya kai daƙiƙa uku, ɗauka yake magana ta ƙare, sai ya tsallake ya kama na gaba."

"To ka faɗa mashi mutane nike jira."

"Ba ya jin Hausa, Malam."

"Sai shi koya. Ƙasarmu ya zo."

Lukuman ya yi dariya ya bar zancen. Amma kullum da safe, bayan Jibo ya gama karatu ya fita shan shayi, sai ya buɗe sanarwar ya shimfiɗa wani ɗan siririn sauti a ƙarƙashin shirun, sautin da kunnen mutum ba ya ji amma na'ura tana ji. Bai taɓa faɗa masa ba, kunyar dattijo yake ji. Shi kuwa Jibo da ya ji shirunsa yana fita daram kamar da, sai ya shiga faɗa wa kowa cewa na'urar Lukuman ta koyi ladabi.

Wata Laraba Lukuman ya jera shirye-shiryen ranar da sassafe ya kama hanyar Kaduna sayo wani ƙarfe. Kafin ya fita ya nuna wa Jibo yadda ake saka sanarwar gaggawa: ka danna nan, ka karanta, ka danna can, ka ja ta ka ajiye a layi, amma kafin sha biyu. Maganar shiru ba ta faɗo masa a rai ba.

Da ƙarfe sha ɗaya maigadi ya ce ana sallama da Jibo a bakin ƙofa. Salisu ne, direban da gidansu ke jikin na Inna a Kwatarkwashi. Bai ko kashe mota ba.

"Malam, jikin Inna ya yi tsanani tun asuba. Ruwa ma ba ya wucewa. Ba ta kiran kowa sai Dije."

Dije ƙanwar Jibo ce, autar Inna, tana aure a 'Yankuzo, can bayan Tsafe. Rabonta da gida tun ƙaramar salla. Babu waya a garin, amma rediyon mijinta ba ya mutuwa, kuma gidan kaf ba sa wuce sanarwar ƙarfe ɗaya da kwata.

Jibo ya tsaya ya auna. In ya ce zai je da ƙafarsa, ga wahalar mai, ga jiran mota ta cika, ga laka, sai bayan la'asar zai isa. In kuwa ta ji a rediyo, kafin ƙarfe uku tana gaban Inna. Shi kuma ya tashi aiki ƙarfe huɗu ya same su can.

"Koma ka ce mata Dije na nan tafe," ya ce wa Salisu. "A aje mata rediyo kusa, ta ji da kunnenta na kira ta."

Ya shiga ya zauna gaban na'ura. Ya danna inda aka nuna masa. Ya yi sallama, ya jira kamar kullum, har ya ɗan ƙara. Sannan ya karanta: ana sanar da Dije matar Mannir da ke 'Yankuzo, ta taho Kwatarkwashi yanzu-yanzu, mahaifiyarta na nemanta, duk wanda ya ji ya isar mata. Ya ja sanarwar ya ajiye ta a kan gaba. Sha biyu saura kwata. Har wani alfahari ya ji, wai shi ne yau ya sarrafa abin ba tare da injiniya ba.

Ya yi sallar azahar a gurguje ya dawo ya zauna. Ƙarfe ɗaya da kwata layinsa ya yi kore. Muryarsa ta fito daga lasifikar bango.

"Assalamu alaikum."

Ya sunkuyar da kai, shi ma yana amsawa a zuci. Ɗaya. Biyu. Uku.

Sai kalangu ya ɓarke. Tallar taki ce, wadda ake yi da kiɗa da guɗa, wani yana ihu manoma su garzayo. Jibo ya ɗaga kai. Layinsa ya koma toka-toka, launin abin da aka riga aka gama da shi.

Ya danna. Ya sake dannawa. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar na'urar yana neman kalmar sirri, wadda ba wanda ya sani sai Lukuman, shi kuwa yana can kan hanyar Kaduna. Ya rubuta sunan Lukuman, ta ƙi. Ya rubuta Gusau, ta ƙi. Ya rubuta Bismillahi da yatsa ɗaya, ta ƙi. Tallar taki ta ƙare, sanarwar ɗaurin aure ta shigo, bayanta cigiyar saniya, dukkansu da muryarsa, da shirunsa lafiya lau, don waɗannan Lukuman ya gyara su da safe.

Ya ruga ofishin darakta. Hajiya Luba sakatariya tana cin gyaɗa.

"Hajiya, mabuɗin ɗakin magana. Minti ɗaya nike so."

"Yana aljihun Yallaɓai, Yallaɓai kuma yana taro a sakatariyar gwamnati. Lafiya kake haki haka?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye gyaɗar.

"Inna lillahi. To ka bari ƙarfe huɗu mana, in an buɗe ka karanta da bakinka."

"Ƙarfe huɗu kowa na gona, Hajiya. Wa zai ji?"

"To a ɓalle ƙofar?"

Suka dubi ƙofar tare. Ta ƙarfe ce, sabuwa, da ita aka zo ranar da aka kawo kwamfuta.

Jibo ya bar gidan rediyon ba tare da ya faɗa wa kowa ba, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha tara. A tasha motar Tsafe saura mutum huɗu, kuma mutum huɗun nan sai da suka ci kusan awa guda. Da ya yi wa kwandasta magana, wani ɗan kasuwa mai buhun barkono a baya ya gane muryar.

"Af! Ba kai ne Malam Jibo ba? Yau mi muka yi maka? Ka yi muna sallama, muka amsa, ka buge mu da kalangu!"

Motar ta ɗauki dariya.

"Ko takin ne ya yi sallamar?" in ji wani.

"A'a, Malam ya koma maroƙi, albashi bai isa!"

Jibo ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya juya fuska waje.

Wajen ƙarfe uku dutsen Kwatarkwashi ya bayyana a gabansu, baƙi ƙirin saboda ruwan da aka yi jiya. Daga bakin titi zuwa ɗakin Inna tafiyar minti biyar ce. Ya buɗe baki zai ce akwai mai sauka. Sai ya tuna saƙon da ya ba Salisu. Ya ga kansa yana ɗaga labule, Inna tana leƙen bayansa tana neman wadda ya ce tana tafe. Ya rufe bakin. Zai kawo ta, awa biyu ne kawai. Dutsen ya wuce ta taga, ya bi shi da ido har wuya ya gaji.

A Tsafe ya hau kabu-kabu. Hanyar 'Yankuzo ta jiƙe, sau biyu suna sauka suna tura babur, laka har gwiwar wandonsa. Ana fitowa daga sallar la'asar ya isa ƙofar gidan Mannir.

Dije tana tsakar gida tana tankaɗe, rediyo na kan kifaffen turmi. Tana ganinsa ta fara dariya.

"Yaya! Yau mi ya samu rediyonku? Na amsa maka har da ƙarfi, na ce ma yara ku yi shiru ga Kawu, sai ga kiɗa kamar gidan biki."

Sai ta ga wandonsa. Ta dubi fuskarsa. Rariyar ta zame daga hannunta.

"Inna ce?"

"Ɗauko mayafinki."

Rana ta yi ja lokacin da suka sauka a gindin dutsen. Tun kafin su karya kwanar unguwarsu suka hango maza suna tahowa daga gabas a jere, wasu da fartanya, wasu da shebur, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Biyu a baya suna ɗauke da makara a kafaɗa, tana lilo don ba nauyi a cikinta. Dije ta durƙushe a nan kan hanya. Jibo ya tsaya, mutane suna zuwa suna kama hannunsa ɗaya bayan ɗaya, yana jin bakinsa yana amsawa.

A cikin gida Suwaiba matar Salisu, wadda ta yi jinyar, ta ja su gefe. Rediyon yana nan a kan tabarma, daidai inda kan Inna yake.

"Ta ji ka, Malam," in ji Suwaiba. "Kana yin sallama ta buɗe ido ta amsa, ras, kamar ba mai ciwo ba. Ta ce mu yi shiru, Jibo zai yi magana. Da kiɗan nan ya taso na kai hannu in rage, ta ce in bari, ai bai gama ba, zai dawo. Haka ta yi ta saurare. Duk sanarwar da ka shigo sai ta amsa sallama, ta kasa kunne ko sunan Dije zai fito. Ana kiran la'asar ta cika."

"Ƙarfe uku fa?" Jibo ya tambaya. "Ƙarfe uku tana magana?"

"Tana yi. Har ta tambaya ko motar da ta ji a bakin titi ita ce ta kawo Dije."



Kwana shida ya yi a Kwatarkwashi. Ranar da ya koma aiki Lukuman ya same shi a ɗakin ɗaukar magana, ya cire tabarau ya yi masa gaisuwa, sannan ya faɗa masa gaskiyar sautin da yake shimfiɗawa a ƙarƙashin shirun. Ya nuna masa sanarwar Dije, tana nan a cikin na'ura cif, ba abin da ya ɓace daga cikinta, daga sallama har "duk wanda ya ji ya isar mata."

"Laifina ne, Malam. Da na faɗa maka."

"Ka faɗa mani ranar farko," in ji Jibo. "Danna mu fara."

Takardar da ke sama tasa ce, shi ya rubuta ta: addu'ar bakwai ta Inna Asabe, gobe da safe, a gidanta da ke Kwatarkwashi. Jar fitila ta kama.

"Assalamu alaikum ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki..."

Lukuman ya tsayar da na'urar.

"Malam, ka yi shirunka. Ina nan, zan gyara. Ko daƙiƙa goma kake so ka yi."

Jibo ya gyara takardar a hannunsa, bai ɗago ba.

"Wa zan jira?" ya ce. "Danna."