Aladen Ciwo

A bayan a-kori-kura Zipora take shafa hoda, mota tana tsalle, aladen tana kwance a ɗaure kusa da ƙafarta tana nishi. Rabonta da barcin kirki tun ranar da aka kwantar da 'yarta Tamar a asibiti a Kafanchan. Likita ya ce hanji ne ya murɗe, tiyata ake so a yi yau yau, amma ba mai taɓa wuƙa sai an ga kuɗi. Shi ya sa ta koma ƙauye ta kwanto aladen ciwo.

Kusan kowane gida a ƙauyensu yana da irinta. Guda ake warewa, ba ta kuɗin makaranta ba ce, ba ta Kirsimati ba, ko yunwa ta shigo gida ba a kallonta. Ana zuba mata dusa ana roƙon Allah kada ranarta ta zo. To ga ta Zipora, ranarta ta zo, kuma da tsohon ciki.

Malam Obadiah, tsohon hedimastan ƙauyen, yana zaune kan buhun citta, ya dubi dabbar ya girgiza kai.

"Mama Tamar, a ce fa gwamnati ta zuba kuɗin haraji a tukunya ɗaya, kowa ya tafi asibiti da ciwonsa kawai. Mai shi ya zuba da yawa, marar shi ya zuba kaɗan. Ai gayya ce. Yau a gonarki, gobe a tawa."

Wata mai buhun gauta ta fashe da dariya. "Baba Ticha, gwamnati da bai biya ka fansho ba, shi zai biya mini allura? Manya ne za su cinye tukunyan har da murfi!"

"Sai a tsare tukunyar, ba a fasa girki ba," in ji shi. "Ki duba wa zai ci riba. Aladen nan ta haihu a gida, 'ya'yan su zama na mai ita. Masu asara su ne dillalan Katsit. Rabin arahar da suke samu daga gadon asibiti take fitowa."

Zipora ta jingina da jikin mota. Iska tana kaɗa ta, idonta ya lumshe. Sai ga ta a wani dogon baranda mai sanyi, babu tagar biyan kuɗi ko ɗaya, an toshe su an jera tukwanen fure. Wata nas ta tare ta, tambayarta ɗaya ce: ina ke ciwo? A ƙarshen barandan kuma, yadda mafarki yake abinsa, gindin mangwaron gidanta ne, aladen tana kwance 'ya'ya suna rububin nono, Tamar tana korar kaji da zani. Har ta buɗe baki za ta ce wa yarinyar ta sa takalmi, mota ta ci burki.

Kasuwar aladu ta Katsit ranar Alhamis ba wurin mai raunin zuciya ba ne. Ihu, taɓo, manyan motocin Kudu sun buɗe baki suna jira. Su kuwa dillalan, Allah ya shirye su, ba dabba suke fara dubawa ba, idon mai ita suke dubawa. Suka ga ja a ido, suka ga zanin jiya, shi ke nan, sun san akwai wani a kwance, sai su yi maka tayin wulaƙanci su koma gefe suna sakace. Don haka mai hankali ba ta zuwa da fuskar asibiti. Zipora ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta karkaɗe zaninta na zumuntar matan coci, ta maƙala murmushi.

Kusa da ita wata mace ce da ta ce sunanta Hulda, ta sha jan baki da sarƙa, tana gaya wa duk mai kunne cewa ɗanta ya gama jami'a, walima za a yi. Dariyarta har bakin titi. Zipora ta yi mata barka, a ranta kuwa kishi ne ya soke ta, ta ce ga wadda ta zo da farin cikin gaske.

Wani dillali, Nicholas, ya tsuguna ya latsa cikin aladen, ya ɗago yana kallon ta ƙasa-ƙasa.

"Madam, lafiya ake sayar da mai ciki?"

"Lafiya lau. Biki ne. Yarinya na zai yi aure."

Ƙaryar da ta shirya ke nan, iyakarta. Amma da ta fito sai ta ƙi tsayawa. Ango malamin makaranta ne a Kwoi, dogo, mai kunya. Rigar amarya daga Sabon Tasha za a kawo, fara sol, jelarta sai yara sun riƙe. Matan zumunta za su buga tulu tun daga bakin hanya. Zipora tana faɗa tana gani: ga Tamar ta shigo coci, tana takawa a hankali, ba don ciwo ba, don yanga, kumatunta sun ciko, haske ta taga yana zuba a kan mayafin. Hayaniyar kasuwa ta ja baya, ta zama kamar ruwan sama a kan kwanon wani gida can nesa.

Nicholas ya yi tayi. Ko rabin abin da likita ya ce bai kai ba.

Zipora ta yi dariya, ta kama igiya. "Bikin sai wata mai zuwa, ɗan'uwa. Ba na sauri."

Ta juya ta fara ja. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, tana tafiya tana cewa Yesu, Yesu, a cikin haƙora. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya fuskar za ta zube.

"Madam! Haba, dawo mana. Ke ba a wasa da ke?"

Suka ja, suka ja, har ya kai inda take so, da kyar. Ya miƙa mata kuɗin yana cewa a gaida amarya. Ba ta kalli aladen ba lokacin da ake jan ta zuwa mota.

A bakin titi ta shiga keke-napep. Kafin ya tashi sai ga Hulda ta faɗo kusa da ita, ita ma hannu ba igiya.

"Ina za ku, Mama?" in ji mai keken.

Kowace ta dubi ɗayar, tana jiran ta fara faɗa.

"Mu je cikin gari tukuna," in ji Zipora.

Sai da ihun kasuwa ya ɓace a bayansu Hulda ta sa bakin zani ta goge jan bakin.

"Asibiti," ta ce a hankali.

"Ni ma," in ji Zipora.

Keke ya yi ta gudu. Can Hulda ta jingina kanta a kafaɗar Zipora, ta rufe ido.

"'Yar'uwa, bikin nan naki ya yi kyau. Ina ji, har na so in je. Ki sake gaya mini."

Zipora ta fara daga rigar.