Sun Wanke Min Fuska a Bidiyon Nafi'u

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Yaya Nafi'u, ɗan ƙanwar Inna, shi da 'yan ajinsu sun ɗauki bidiyon waƙa a ƙofar gidanmu. Sai da ya yi ta roƙona kafin na yarda na wuce ta bayan mawaƙin da tiren zoɓo a kai. Wannan a ido biyu aka yi. A mafarkin kuwa, sai ga ni na je inda suke tace bidiyon.

Ruwan sama na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, don haka na riƙe lema ta ƙasa. Ofishin a cikin rijiya yake, amma hawa ake yi.

Wani bunsuru da tabarau shi ne mai tacewa. An shanya bidiyon a igiya kamar wanki, duk inda bai yi masa ba sai ya miƙa wuya ya cinye. Nafi'u na gefe yana yi masa fifita.

Na yi sallama. Na ɗaga kai na ga kaina a bango da tirena. Fara sol, kamar rogon da aka ɓare.

"Yaya, wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Sa'ade. An gyara ki."

"Da ma na lalace ne?"

Bunsurun ya haɗiye wani mai babur da ya gifta, ya ce, "Hajiya, baƙin launi ne ya ƙare. Mun zuba shi a tabaran mawaƙi da takalminsa."

"To nawa fa? Ai da abina na zo."

"Shi muka ara."

Ko tambayata ba su yi ba! Da zan ari cokali a gidan su Nafi'u sai na gaishe da mutum uku.

Sai ga mu a kasuwa. Kaloli ake sayarwa a mudu. Na ga sun mayar da zoɓona shuɗi, wai ja ya yi wa waƙar ƙara. Wata kaza ta saya ta sha, ta ce ɗanɗanon Talata gare shi.

Sai ga Inna a cikin bidiyon da mayafinta. Ta tsaya gaban farar yarinyar nan ta ce, "Baiwar Allah, ba ki ga 'yata ba? Baƙa ce, mai kunya."

Na ce, "Inna, ga ni!" Amma an rage min sauti.

Matan layinmu suka leƙo ta kan katanga, kowacce da waya. Maman Zulai ta taɓe baki. "Oho, ashe mai take shafawa. Shiru-shirun nan dai!"

Ni da ko man kanti ban taɓa saya ba, man kaɗanya ne tun ina goye. Gobe da wane ido zan fita da tire?

Na koma rijiyar a guje. Bunsurun yana sallamar wata tunkiya.

"Ku mayar min da kalata."

"Sai an tambayi malamin su Nafi'u, shi ke ba da maki. Yana son haske."

"To ya sayi fitila!"

Ban san ina da murya haka ba. Har ruwan saman ya tsaya yana kallona. Nafi'u ya ce, "Haba ƙanwata, kin fa fi kyau a haka."

Na shiga cikin bangon, na zare tabaran mawaƙin yana tsakiyar amshi. Na matse shi kamar tsumma, baƙin ya zubo a tafin hannuna da ɗuminsa. Na cire masa takalmi ma na matse. Na shafa wa yarinyar a goshi, a kumatu, har bayan kunne. Mawaƙin ya tsaya ba takalmi yana ƙifta ido, ashe ƙananan idanu gare shi.

Inna ta juyo. "Au, Sa'ade! Tun ɗazu kina nan?"

Na buɗe baki zan amsa, sai ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta tashe ni. Na duba bayan hannuna, yana nan yadda Allah ya yi shi. Ban ko wanke ido ba na ce, "Inna, ara min wayarki. Nafi'u zan kira."