Gwiwar Aji a Bakin Kabari

"Sake masa nauyi, Malam Aji," in ji Edith. "Gwiwa ɗin nan ya san aikinsa. Kai ne ba ka yarda da shi ba."

Aji yana tsaye a kan akwatin katako a sashen gashin ƙashi na asibiti, ya damƙe ƙarfen da ke gefensa. Abin da take so ba wani abu ba ne mai yawa. Ya bar ƙafar roba a kan akwatin, ya sauko da lafiyayyar, gwiwar ƙarfen ta lanƙwasa a hankali ƙarƙashin nauyinsa. Akwai 'yar kwamfuta a cikinta mai auna kowane motsi. In ya yi tuntuɓe, ita za ta riƙe shi tun kafin ya san ya yi.

Ya juya ya sauko da ƙafar robar a miƙe kamar sanda, yadda ya saba.

Edith ta tafa hannu. 'Yar Numan ce, bakinta ba ya hutawa.

"Turawa sun aiko maka doki, kai kana ɗaukarsa a kafaɗa! Ni in na samu irin wannan, har garin Vinikilang zan je da rawa."

"Ke naki biyu ne, Sista."

"Biyu ɗin ma ba su kai naka ɗaya ba. Hau kuma."

Ya hau. Tun ranar da bam ya tashi a kasuwar Jimeta yake jan tsohuwar ƙafa marar gwiwa, yana wurga ta gefe ta zagayo gaba. Wannan sabuwar wata ƙungiya ce ta kawo wa mutane kaɗan bana, sunansa ya faɗo a ciki. Tafiya ba ta dame shi ba. Ranar farko ya faɗa wa Edith abin da ya kawo shi: yana so ya iya sauka cikin rami, ya durƙusa.

Mahaifinsa a Bama ya rasu, shekarar da garin ya watse, waɗanda suka rage suka rufe shi, har yau ba wanda ya san inda kabarin yake. Ƙaninsa Abba a bam ɗin kasuwar ya cika, gefensa, aka binne shi Aji yana kwance bai san inda kansa yake ba. Mahaifiyarsu, Ya Kellumi, ba ta taɓa yin kuka a gabansa ba. Magana ɗaya ta yi, tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Nawa duk hannun baƙi ya sa su a ƙasa. Ni kai za ka sa ni."

Tun daminar nan ta kwanta.

"Durƙuso sai Laraba," in ji Edith. "Yau sauka. Ka tuna yadda ake kulle shi?"

Ya tuna. Idan zai daɗe a tsaye a shagonsa na huluna, sai ya danna kan yatsun ƙafar a ƙasa sau uku a jere, ta yi ƙara, gwiwar ta sandare. In zai tafi ya sake dannawa, ta buɗe.

Wayarsa ta yi ringi a aljihun rigar da ya rataye. Mairo ce, matarsa. Ba ta yi sallama ba.

"Ka taho gida."

Ya gane. Edith ma ta gane daga fuskarsa. Ta miƙo masa rigar, ta riƙe masa hannunta har ya zura.

"Allah ya ba ta hutu," ta ce. "Ka bi a hankali, ka ji?"

Absalom, maƙwabcinsa mai keke napep, yana jiransa a bakin ƙofa kamar kullum. Ya kashe waƙar da ke tashi, ya ɗauki hanyar Jambutu, yana kauce wa ruwan da ya kwanta a titi.

Kafin azahar mata sun gama wanka da sutura. Aka fito da makara ƙofar gida. 'Yan Borno na kasuwa sun rufe shaguna sun zo, Fulanin unguwa sun zo, aka ja sahu har kan kwata. Da Modibbo limamin unguwa ya matsa gaba, Aji ya tsaya a bayansa. Ya ji tsoron kada ya zube a sahu. Ya danna yatsun ƙafar a kan simintin dakali, ta yi 'yar ƙararta, ta sandare. Ya tsaya cak har aka sallame.

Daga nan bai ƙara tuna ta ba. Ya wurga ta gefe ya taka zuwa mota, yadda ya yi shekaru yana yi. Ya zauna a bayan a-kori-kura, ƙafar a miƙe gefen makara, tafinsa a kan tabarmar da aka lulluɓa mata. Ba wanda ya lura. Haka suka san tafiyarsa.

An yi ruwa da asuba. Maƙabarta duk ta jiƙe, ƙasar da aka tono ta taru jajir a gefen kabarin. Masu haƙa sun yi aikinsu da kyau: babban rami, a cikinsa kuma siririn da za a kwantar da ita. Aka jera itatuwan rufi. Mutum huɗu suka ware mayafi a sama don mace ce.

"Ina ɗanta?" in ji Modibbo.

Aji ya cire takalmin ƙafarsa ta dama, ya matso baki. Ya tsaya yadda Edith ta koya masa, ya tura lafiyayyar gaba, ya sake wa ɗayar nauyinsa gaba ɗaya. Karo na farko ke nan da ya yarda da ita.

Ba ta lanƙwasa ba. Saura kaɗan ya kife ciki, wani ya cafke masa riga.

Sai a lokacin ya tuna. Ya ja baya, ya danna yatsun. Ƙafar ta nutse a laka, shiru. Ya matsa gefe ya sake dannawa. Ƙasar ta karɓe dannar ta haɗiye. Na'urar tana neman wuri mai tauri, babu shi a nan. Ya sake, da ƙarfi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, babbar rigarsa tana kaɗawa. A bakin kabarin uwarsa, Aji yana ta tsalle-tsalle a wuri ɗaya kamar mai shirin shiga filin rawa. Wani dattijo ya kau da kai. Can baya wani ya ce, "Subhanallahi, ku riƙe shi mana."

Modibbo ya dafa shi, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Aji, kai mai uzuri ne. Allah ya san niyyarka. Ga 'yan garinku, su shiga. Hadari na haɗuwa, kada mu tsayar da ita."

Gaskiya ya faɗa. Samari biyu 'yan Bama har sun naɗe hannun riga.

"Ku dakata," in ji Aji.

Ya zauna a kan jar ƙasar. Ban da Mairo da ma'aikatan asibiti, babu mai rai da ya taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin wandonsa. Ko a masallaci a kan kujera yake salla, a ƙarshen sahu, rigarsa a rufe har ƙasa. Ya naɗe ƙafar wandon har cinya. Ya danna maɓallin da ke gefe, iska ta fita da 'yar shewa, ya zare dungun. Ya ɗaga ƙafar da takalminta, ya duba ko'ina. Absalom yana tsaye nesa kaɗan ƙarƙashin dogon yaro, hularsa a hannu. Ya taho da sauri ya karɓa, ya rungume ta a ƙirji.

Aji ya ja gindi zuwa bakin ramin, ya zura ƙafarsa, ya sulale ciki. Ya durƙusa a kan gwiwarsa ɗaya da dungun. Laka ta yi sanyi a kan tabon.

"Bismillah. Ku miƙo ta."

Ba ta da nauyi. Ya ɗauka zai sha wuya, sai ya ji kamar ƙunshin hulunan da yake saukewa daga kanta in ta kawo masa shago. Modibbo ya kama ta wajen ƙafafu daga sama, Aji ya tallafi kai da kafaɗa, ya sunkuya da ita cikin siririn ramin, ya kwantar da ita a kan damanta, fuskarta gabas. Don ya gyara mata kai sai da ya kifa har goshinsa ya taɓa ƙasa. Ya kwance ƙullin likkafanin. Ya ɗan daɗe a haka. Ba wanda ya ce ya yi sauri.

"Ya," ya kira ta da sunan da ya saba, yadda ita kaɗai za ta ji. "Ni ne."

Samarin nan biyu suka ciro shi ta hammata. Aka jera itace, aka toshe da laka, aka tura ƙasa. Ana shafa addu'a yayyafi ya fara.

Bai mayar da ƙafar ba, dungun duk laka ne. Absalom ya goya shi har keke, ya dawo ya ɗauko ta. Aji ya tsayar da ita a gabansa a kan ƙarfen keken, ya ɗora hannuwa a bakinta, ya kifa kansa a kai. Suka hau titin da ruwa ya cinye. Keken ya faɗa rami, ya fita, ya faɗa wani, ya sake faɗawa. Ƙafar ta yi 'yar ƙararta, gwiwar ta lanƙwashe a hankali, sumul, yadda Edith ta ce za ta yi.

Absalom ya leƙo ta madubi, ya mayar da idonsa kan hanya. Sai da suka kusa gida ya yi magana.

"Maƙwabci, Laraba ɗin nan fa? In gaya wa Sista ka fasa?"

Aji ya kai hannu goshinsa. Jar ƙasar tana nan, ta fara bushewa. Rabon goshin nan da ƙasa tun yana da ƙafa biyu. Ya sauke hannun bai goge ba.

"Durƙuso ta ce za mu yi," ya ce. "Ka zo da wuri."